Ulti: Wasan Kartar Hungari Da Bakwai Ke Yanke Hukunci, Da Yadda Za Ka Koye Shi A Wayarka

A yawancin wasannin karta da muke saukewa a waya, babban kati shi ne abin nema. Wanda ya tara manya ya yi murmushi, wanda ya tara ƙanana ya fara addu'ar a sake rabo. A ƙasar Hungari kuwa akwai wasan da mutum zai tsaya gaban abokan wasansa biyu ya yi alkawari cewa da kati mafi ƙanƙanta a hannunsa, wato bakwai, zai ci zagayen ƙarshe. Idan ya cika alkawarin ya kwashi maki daga wajen kowannensu. Idan suka tilasta masa ya fitar da bakwai ɗin kafin lokaci, zai biya ninki biyu na abin da ya so ya ci.

Sunan wasan Ulti, kuma shi ne ake ɗauka a matsayin wasan kartar ƙasa a Hungari. Mutum uku ne ke buga shi da katuna 32. Ba irin wasan da za ka kunna kana hira a WhatsApp kana jefa kati da ɗayan hannun ba ne. Yana buƙatar ƙirga, da tuna abin da ya wuce, da sanin lokacin da za ka yi shiru. Idan Whot da Ludo sun fara gundurarka, kuma kana son abin da zai sa ƙwaƙwalwarka aiki a layin banki ko a cikin mota, ga cikakken bayanin yadda ake buga shi, da abin da ya kamata ka duba kafin ka sauke manhajarsa.

Daga ina wasan ya fito?

Ulti ɗan'uwa ne ga wasan Mariáš na mutanen Czech, kuma dukkansu suna cikin dangin wasannin Turai ta tsakiya da ake samun maki idan sarki da mai bi masa na gida ɗaya suka haɗu a hannun mutum. Sunan ya samo asali ne daga kalmar "ultimo", wadda ke nufin na ƙarshe. A wasan Tarokk, wani tsohon wasan karta da ake bugawa a Hungari, akwai irin wannan bajinta ta cin zagayen ƙarshe da ƙaramin kati, kuma daga can aka aro tunanin. Nau'in da ya fi yaɗuwa, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu, shi ne Rablóulti, wato Ulti na ɓarayi. Za ka ga dalilin wannan suna idan muka zo wajen tayi. Wasan ya shiga ko'ina, daga jiragen ƙasa da gidajen shan shayi har zuwa gidajen manya. János Kádár, wanda ya mulki ƙasar daga 1956 zuwa 1988, an san shi da son Ulti da dara irin ta Turawa.

Katunan da ake amfani da su ma suna da nasu labarin. 'Yan ƙasar suna kiransu "magyar kártya", wato kartar Hungari, amma mutanen da aka zana a jikinsu 'yan Suwizalan ne. Wani mai zanen karta a birnin Pest, József Schneider, shi ya tsara su a wajajen 1835, ya ɗauko mutanen daga wasan kwaikwayon Wilhelm Tell da marubucin Jamus Friedrich Schiller ya rubuta a 1804. Labarin na wani maharbi ne da ya yi tawaye ga azzalumin gwamnan da gidan sarautar Habsburg ya naɗa. A lokacin Hungari tana ƙarƙashin wannan gidan sarauta, don haka mutane suka fahimci saƙon ba tare da an faɗa musu ba. Har yau ana bikin ranar kartar Hungari a ranar 29 ga Disamba.

Ka san katunan tukuna

Gidaje huɗu ne, kowanne da katuna takwas:

- Piros: jar zuciya. Wannan gida na musamman ne, domin duk alkawarin da aka yi da shi makinsa ninki biyu ne.
- Tök: ƙararrawa. Kalmar a harshensu tana nufin kabewa, saboda siffar zanen.
- Zöld: koren ganye.
- Makk: ƙwallon wata bishiyar Turai mai 'yar hula a ka. A nan za mu riƙa ce masa ƙwallo.

A kowane gida akwai VII, VIII, IX da X, da lambobin Romawa aka rubuta su. Sai alsó, da felső, da király, da ász. Király shi ne sarki, za ka gan shi a kan doki. Felső yana nufin na sama, alsó kuma na ƙasa, kuma ana bambanta su da inda aka sa alamar gidan a jikin katin. Don sauƙin bayani za mu kira felső waziri, alsó kuma dogari. Ász shi ne As, kuma kowane As yana ɗauke da hoton yanayi ɗaya na shekarar Turai: zuciya bazara, ƙararrawa lokacin zafi, ganye kaka, ƙwallo hunturu. Wazirin ƙwallo shi ne Tell da kansa, wazirin zuciya kuma Gessler, gwamnan da ya zalunce shi.

Idan da kartar da aka saba sayarwa a kasuwa za ku buga, ku cire duk katunan daga 2 zuwa 6 da joka. Abin da ya rage 32 ne daidai. Q ta zama waziri, J ya zama dogari.

Ga abin da ke rikita sababbin shiga. Idan ana wasa da "adu", wato gidan da aka naɗa ya fi sauran ƙarfi, jerin girma shi ne: As, 10, sarki, waziri, dogari, 9, 8, 7. Goma ta fi sarki. Idan kuwa wasan babu adu ne, goma tana komawa inda lambarta take: As, sarki, waziri, dogari, 10, 9, 8, 7.

Katuna takwas ne kawai ke da maki: As huɗu da goma huɗu, kowanne maki 10. Wanda ya ci zagayen ƙarshe yana da ƙarin 10. Jimilla 90. Bayan haka, wanda ke da sarki da waziri na gida ɗaya a hannunsa zai sanar a zagayen farko ya sami 20, idan na gidan adu ne ya sami 40.

Rabo da tayi: inda sata take

Wasan yana tafiya ne ta hannun dama. Wanda ke dama da mai rabo yana karɓar katuna 12, sauran biyun 10 kowanne. Mai 12 zai zaɓi biyu ya kife su a tsakiya, sannan ya yi tayin farko, ko da mafi ƙanƙanta ne. Waɗannan katuna biyu su ne "talon", mu ce ajiya.

Daga nan na kusa da shi yana da zaɓi biyu. Ko ya ce "passz", ya wuce. Ko ya miƙa hannu ya ɗauke ajiyar, ya haɗa da nasa, ya kife wasu biyun da ba ya so, sannan dole ya yi tayin da ya fi na baya. Wannan ɗauke ajiyar shi ne satar da ta ba wasan suna. Haka za a yi ta zagayawa. Wanda ya wuce a baya yana iya dawowa ya shiga. Tayi ba ya rufewa sai mutum ukun sun wuce a jere, don haka mai tayin ƙarshe ma yana da damar sake ɗaukar ajiya ya ƙara wa kansa. Wanda tayinsa ya tsaya shi zai buga shi kaɗai, sauran biyun su haɗa kai a kansa na wannan rabon.

Akwai wani sirri a nan. Idan adunka zuciya ne, dole ka faɗa tun a wajen tayi, domin makin ya ninka. Idan kuwa ɗaya ne daga sauran gidaje ukun, ba ka faɗin sunansa sai za ka jefa katin farko. Wato abokan wasanka za su ji ka ce "ulti" ba tare da sun san ko a ganye ne ko a ƙwallo ba.

Abin da za ka kife a ajiya shawara ce babba. Idan ka jefa As ko goma kuma tayinka ya tsaya, makinsu na abokan hamayyarka ne. Idan ka jefa bakwai, wataƙila ka miƙa wa na kusa da kai ainihin katin da yake jira don ya yi ulti. Idan ka jefa sarki ko waziri, ƙila ka cika masa 40 ɗinsa. Ƙwararru suna lura da abin da suka ajiye da kuma tayin da wanda ya ɗauka ya yi bayan nan, daga haka suke gane hannunsa.

Dokoki uku na jefa kati

Mai tayi shi ke fara jefawa, daga nan wanda ya ci zagaye shi ke buɗe na gaba. Zagaye goma ne. Dokokin uku ne, kuma babu sassauci:

1. Dole ka bi gidan da aka jefa idan kana da shi.
2. Idan ba ka da shi, dole ka jefa adu idan kana da shi.
3. Dole ka doke katin da ya fi girma a ƙasa idan za ka iya, ko da na abokin haɗin kanka ne.

Sai idan ba ka da gidan kuma ba ka da adu ne za ka jefa abin da ka ga dama. Adu mafi girma shi ke cin zagaye. Idan babu adu a ƙasa, kati mafi girma na gidan da aka buɗe da shi ne ya ci.

Ka riƙe doka ta biyu da ta uku da kyau. Duk dabarun Ulti a kansu suka ginu, domin da su ake tilasta wa mutum ya fitar da katin da yake ɓoyewa.

Alkawuran da ake tayawa

Makin kati daban, makin wasa daban. Makin kati, wato 90 ɗin nan, su ke nuna ko ka cika alkawari. Makin wasa su ake rubutawa. Mai tayi yana karɓa daga kowane ɗaya cikin abokan hamayya biyu idan ya yi nasara, yana kuma biyan kowannensu idan ya faɗi. Ga manyan alkawuran daga ƙarami zuwa babba:

Parti, maki 1. Ka naɗa adu, ka tara makin kati fiye da abin da su biyun suka tara a haɗe, har da 20 da 40 da kowa ya sanar. Da zuciya maki 2 ne.

40-100, maki 4. Kana da sarki da wazirin adu, kuma ka yi alkawarin kai wa 100. Wato sai ka ci 60 cikin 90 ka ɗora a kan 40 ɗinka.

Ulti, maki 4 da 1. Za ka ci zagaye na goma da bakwai ɗin adu. Ƙarin 1 ɗin na parti ne, domin ana lissafa su daban: kana iya cin ulti ka faɗi parti. Da zarar ka yi wannan tayi ba ka da ikon jefa bakwai ɗin kafin ƙarshe sai idan doka ta tilasta maka. Idan ka faɗi, 8 za ka biya kowannensu maimakon 4.

Betli, maki 5. Babu adu, kuma ka yi alkawarin ba za ka ci ko zagaye ɗaya ba. Wannan shi ne mafitar wanda ya tara ƙananan katuna.

Durchmars, maki 6. Za ka ci duka zagaye goman.

20-100, maki 8. Kamar 40-100, amma da sarki da waziri na gidan da ba adu ba. Sai ka ci 80 cikin 90, wato kati mai maki ɗaya kawai aka yarda ya kuɓuce maka.

Ana iya haɗa wasu, misali 40-100 da ulti a tayi ɗaya. Akwai kuma betli mai ninki, maki 10, da betli a buɗe, maki 20, inda ake baje katuna a fili bayan zagayen farko, abokan hamayya su ga komai su nemi inda za su kama ka. A wurare da yawa akwai tayin As huɗu, wato ka kwashe dukkan As ɗin. Makin wasu alkawuran yana bambanta daga tebur zuwa tebur, haka ma daga manhaja zuwa manhaja, don haka ka leƙa shafin dokoki kafin ka fara.

Ko ba ka taya ulti ba, idan ka ci zagayen ƙarshe da bakwai ɗin adu kana samun rabin makin. Suna kiransa ulti na shiru. Amma idan ka ajiye bakwai ɗin har ƙarshe aka doke shi, za ka biya.

Betli yana da tarkon da ke kama kowa a karon farko. A ce kana da 7 da 9 na ganye, kana jin babu matsala. Wani ya jefa 8, na ukunku ba shi da ganye ya jefa wani abu. Doka ta uku ta ce dole ka doke 8, don haka ka ɗora 9, ka ci zagayen, betli ya rushe. Amma dokar tana iya yi maka aiki. Tunda kai ne mai fara jefawa, idan kana da sarki shi kaɗai a wani gida, ka buɗe da shi. Wanda ke da As dole ya doke shi. Kai ne ka kife ajiya ta ƙarshe, don haka ka san As ɗin ba ya can.

Kontra: idan ba ka yarda zai iya ba

A zagayen farko, abokin hamayya da ya ga hannunsa zai iya kayar da mai tayi yana cewa "kontra", makin ya ninka. Yana iya zaɓar ɓangare ɗaya, ya ce kontra ga ulti kawai ya bar parti. Mai tayi idan ya yarda da kansa ya ce "rekontra", ya sake ninkawa. Daga nan "szubkontra", kuma matakan suna ci gaba har zuwa na ƙarshe da ake kira Fedák Sári, sunan wata shahararriyar 'yar wasan kwaikwayo ta ƙasar. A wasan da ke da adu, kontra ta mutum ɗaya tana hawa kan abokinsa ma. A betli kowa da tasa.

Shawara ga sabon shiga: ka yi kwanaki ba ka taɓa maɓallin kontra ba. Banda ninka asara, kontra tana gaya wa mai tayi a hannun wa ƙarfi yake.

Mu buga hannu ɗaya tare

A ce kai ne mai katuna 12. Kana da As, 10, sarki, 9 da 7 na ganye. As da 10 na ƙwallo. As da 8 na ƙararrawa. Sai 9, 8 da 7 na zuciya. Ka kife 9 da 8 na zuciya, ka riƙe bakwai ɗin don kada wani ya yi ulti mai ninki da shi. Ka taya ulti, kowa ya wuce, ka naɗa ganye.

Fara da ƙirga. Adu takwas ne, biyar suna hannunka, ajiya babu ko ɗaya. Saura uku a wajensu: waziri, dogari da 8. Ka jefa As. Idan dukkansu suka bi, biyu sun faɗi, goma za ta ciro na ƙarshe. Idan ɗaya bai bi ba, ukun suna hannun mutum ɗaya, sai ka bi da 10 da sarki, duka sun fi waziri. Ko a mafi munin rabo, bayan zagaye uku babu mai adu sai kai, da 9 da 7 a hannunka.

Yanzu ne ainihin wasan. Ka kwashe As da 10 na ƙwallo da As na ƙararrawa. Saura katuna huɗu: adu biyu, da 8 na ƙararrawa, da 7 na zuciya. Ka saki 8 ɗin, su ci. Za su jefa ƙwallo, gidan da ba ka da shi, don su tilasta maka adu. Ka ba da 9, ka ci. Ka saki 7 na zuciya, su ci. Zagaye na goma duk abin da suka jefa, bakwai ɗin ganye zai hau kansa. Ulti ya ci.

Da a ce katunan banzan naka uku ne, adun kariya kuma ɗaya, da labarin ya canza. Ka saki na farko su ciro 9, ka saki na biyu su ciro bakwai a zagaye na tara. Daga nan za ka iya fitar da ƙa'ida: bayan adunsu ya ƙare, katunan da za ka rasa kada su wuce adun kariyarka da fiye da ɗaya. Idan sun wuce, kada ka yi gaggawar kwashe manyanka. Ka saki na banzan tun kana da sauran kati a kowane gida, domin muddin kana iya bin gida babu mai ciro maka adu.

Parti fa? Ka ci 50 a katuna da 10 na ƙarshe, 60 ke nan. Su suna da 30. Idan ɗayansu ya sanar da 20 sun kai 50, ka tsira. Idan 20 biyu suka sanar sun kai 70, ka ci 4 na ulti ka biya 1 na parti. Shi ya sa ake sauraron abin da kowa ya faɗa a zagayen farko.

Yadda za ka same shi a waya

A Play Store ko App Store, rubuta "ulti", ko "rablóulti", ko "ulti kártyajáték". Da yawa daga abin da zai fito da harshen Hungari aka yi su, amma kalmomin da kake buƙata ba su da yawa. "Új játék" sabon wasa ne, "szabályok" dokoki, "beállítások" saiti, "licit" tayi, "ütés" zagayen da aka ci. Ga sauran, ka ɗauki hoton allon ka buɗe shi da Google Lens ko Google Translate.

Ka fara da manhajar da ake bugawa da kwamfuta ba tare da intanet ba. Ba ta cin data, kuma babu wanda zai ji haushinka idan ka ɗauki minti biyu kana tunani. Ka nemi wadda ke haskaka katunan da doka ta yarda ka jefa, domin ita za ta koya maka dokoki ukun nan cikin rabo goma. Idan akwai wurin duba zagayen da ya wuce, ka yi amfani da shi a farko, daga baya ka daina, ka koyi riƙewa a ka. Adu takwas da katuna masu maki takwas ne kawai, ba su fi ƙarfinka ba.

Idan ka shirya fuskantar mutane a intanet, lokaci ma ya dace da mu. Agogon Hungari ɗaya ne da na Najeriya da Nijar daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, a sauran watanni kuma suna gaba da awa ɗaya. Darenka darensu ne. Sai dai ka tabbata sabis ɗinka yana da ƙarfi, domin wasan mutum uku ne, idan ka yanke ka ɓata wa mutum biyu.

Abubuwa uku ka kiyaye. Na ɗaya, wasan karta ba ya buƙatar lambobin da ke wayarka, ko saƙonninka, ko inda kake. Manhajar da ta nemi wannan izini, ka hana ta ko ka goge ta. Na biyu, kada ka sauke fayil ɗin APK daga shafin da ba ka sani ba don wai an buɗe maka komai kyauta. Na uku, kuma mafi muhimmanci, wasu manhajojin karta suna ba ka tsabar wasa kyauta, idan ta ƙare su nemi ka saya da kuɗin gaske, wasu kuma caca ce zalla da aka yi wa ado. Ka ga yadda kontra ke ninka maki daga biyu zuwa huɗu zuwa takwas. Idan kuɗi ne a wurin, rabo ɗaya ya isa ya share maka asusu. Ka kunna neman kalmar sirri ko zanen yatsa kafin kowace sayayya a saitin Play Store, kuma ka tsaya a manhajar da maki kawai take ƙirgawa. Daɗin Ulti ba ya raguwa don babu ko sisi a tebur.

Me ya sa kwamfutar take yin kuskure wani lokaci?

Za ka lura abokin wasanka na kwamfuta yakan yi abin da zai ba ka mamaki, mai kyau ko marar kyau. Dalilin shi ne ba ya ganin komai. A dara irin ta Turawa komai a fili yake, shi ya sa tun 1997 kwamfutar Deep Blue ta doke Garry Kasparov. A Ulti, mai tayi ya san katuna 12, nasa goma da ajiya biyu. Sauran 20 ɗin ana iya raba su tsakanin mutum biyu ta hanyoyi 184,756. Wata dabara da masu rubuta manhajojin karta suke bi ita ce kwamfutar ta ƙirƙiri rabo da yawa da suka dace da abin da ta gani, ta buga kowanne kamar katuna a buɗe suke, sannan ta zaɓi katin da ya fi yawan kai ta ga nasara. Da irin wannan hanya manhajar GIB ta Matthew Ginsberg ta yi suna a wasan Bridge a ƙarshen shekarun 1990.

Kai ma abin da ya kamata ka riƙa yi ke nan a ƙaramin mataki. Duk lokacin da wani ya kasa bin gida, ko ya kasa doke kati, ya gaya maka abin da ba shi da shi, domin doka ba ta ba shi damar ɓoyewa ba. Kafin zagaye na shida ko na bakwai, mai lura ya kusa sanin hannun kowa.

Idan ka ga Ulti ya yi maka nauyi a makon farko, ka gwada Snapszer, wasan mutum biyu da ake yi da irin waɗannan katuna, wanda shi ma yake da 20 da 40. Idan ka dawo, ka yi rabo ashirin kana taya parti kawai, sannan betli idan ƙanana suka taru maka. Ranar da ka ga adu biyar da bakwai a cikinsu, ka ƙirga katunan banzanka, ka ƙirga adun kariyarka, idan lissafin ya fita ka danna ulti. Daga nan sai ka nemo abokai biyu da karta ɗaya, ku cire 2 zuwa 6, ka koya musu.